TACE JINI BA SHI NE ADANA JINI BA

Wata magana ta yi yayi a bakin wasu 'yan'uwanmu masu karatun likita da na gwaje-gwajen asibiti, har ta fara tsallakowa zuwa ga sauranmu da ba mu san kome game da jini ba sai launinsa. Maganar ita ce wai duk ƙasar da ba ta tace dukan jinin da take ƙara wa marasa lafiya, to, ba ta waye ba tukuna, kuma wai muddin aka ratsa jini ta cikin mataci aka fid da fararen ƙwayoyinsa, shi ke nan an sami jini mai inganci, sai a jibge shi a firiji a koma barci. Ni dai ban yarda ba ko kusa. Da yake kuwa mu ɗalibai ne ake fara tunawa da mu duk lokacin da ake neman masu ba da jini kyauta, ina ganin muna da bakin magana a kan abin da ke faruwa da shi bayan an zare mana allura.

Bari mu fara ba mataci haƙƙinsa, don kada a ce ƙiyayya ce. Leda ɗaya ta jini takan ɗauki mililita 450, a haɗa da mililita 63 na maganin hana daskarewa. A cikin wannan leda akwai fararen ƙwayoyi wajen biliyan 2 zuwa 3. A jikin mai su sojoji ne masu tsaron gida, amma da zarar sun shiga jikin wani sun zama baƙi, kuma baƙin da ba a gayyata ba. Su ne sukan sa wanda ake ƙara wa jini ya kama zazzaɓi da makyarkyata leda ba ta ko kai rabi ba. Su ne sukan tsokano garkuwar jikin mara lafiya ta ƙera makaman da za su sa ƙarin jini na gaba ya yi wuya. A cikinsu ne kuma ƙwayar cutar nan da ake kira CMV take ɓuya, wadda ba ta cika damun mai lafiya ba amma tana iya halaka jaririn da aka haifa bakwaini. Mataci mai kyau yakan kwashe fiye da 999 daga cikin kowace 1,000. Ƙa'idar ƙasashen Turai ita ce abin da ya saura kada ya kai miliyan 1 a leda, Amurka kuwa ta tsaya a kan miliyan 5. Wani babban bincike da aka buga a 1997 a kan masu sankarar jini ya nuna cewa cikin waɗanda aka ba ƙwayoyin tsai da jini da ba a tace ba, kashi 13 cikin 100 jikinsu ya daina karɓa, alhali a cikin waɗanda aka gyara wa nasu abin bai wuce kashi 3 zuwa 5 ba. Wannan duk gaskiya ne, ba mai ja.

Har a wajen ajiya ma mataci yana da rana, amma da sharaɗi, kuma wannan sharaɗi ne masu yayin nan ba sa son faɗa. Fararen ƙwayoyi ba su da tsawon kwana a cikin leda. Cikin 'yan kwanaki sai su fara mutuwa suna farfashewa, suna zubar da sinadaran da ke ta da zazzaɓi da waɗanda ke cin fatar jajayen ƙwayoyi. Wanda ya fid da su tun suna ɗungum, ya tsare jinin daga wannan ɓarna. Wani nazari na 2009 da ya tattara gwaje-gwaje sama da 14,000 daga ma'ajiyoyin jini na ƙasashe dabam-dabam ya sami cewa tacewa kafin ajiya tana rage fashewar jajayen ƙwayoyi da kusan rabi. To, amma kalmar ita ce kafin. A Turai ana so a gama tacewa cikin awa 48 da ɗibar jini. Wanda ya bar leda ta yi mako uku a firiji, sa'an nan ya zo bakin gadon mara lafiya ya maƙala mata mataci, ya yi ihu bayan hari. Kowace uwa mai dama koko ta san mataci yana kama dusa, amma ba ya kama tsamin da ya riga ya shiga ruwan gasara. Haka nan gaggawa ma tana da nata aibin, shi ya sa wasu ma'ajiyoyi sukan bar jinin ya ɗan yi awoyi tukuna, domin fararen ƙwayoyin su haɗiye ƙwayoyin cutar da suka biyo allura daga fata, kana a kwashe su gaba ɗaya.

Yanzu sai mu tambaya, me ya sa Turawa suka ce a tace kowace leda ba tare da zaɓe ba? Faransa ta fara a 1998, Birtaniya da Kanada a 1999, Jamus a 2001. Dalilin Birtaniya ba ɓoyayye ba ne. A 1996 aka gane wata sabuwar cutar ƙwaƙwalwa a jikin mutane, wadda ta samo asali daga cin naman shanun da suka kamu da ciwon haukan shanu. Ba ta da magani, ba a kuma da gwajin da za a gane ta a jinin mai bayarwa, ga shi ana zaton tana maƙalewa a fararen ƙwayoyi. Mutum 178 ta kashe a can. A 2003 aka ba da labarin mutum na farko da ake ganin ya ɗauke ta ta hanyar ƙarin jini, daga baya aka kai mutum 4, dukansu kuwa jinin da ba a tace ba aka ba su. Duk da haka, gwajin da aka buga a 2004 a kan wasu dabbobi dangin ɓera ya nuna mataci kashi 42 cikin 100 kawai ya rage na ƙarfin cutar. Watau dai hukuncin da suka yanke ya fito ne daga shanunsu, da tsoronsu, da kuma nauyin baitulmalinsu, sun kuwa yi daidai da halin da suka sami kansu. Ita Amurka ma ba ta mai da abin doka ba, ko da yake yawancin jininta ana tace shi. Mu da muke son ɗauko rigar nan mu zura, mu tuna masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ga inda maganar take. Jini abu ne mai rai, kuma daga lokacin da ya bar jijiya ya fara tsufa, an tace shi ko ba a tace ba. Kwanakin da zai yi maganin da ke cikin ledar ne yake yanke su. In maganin da ake kira CPD ne, kwana 21. In CPDA-1 ne, wanda aka fara amfani da shi a ƙarshen shekarun 1970, kwana 35. Mataci ba ya ƙara ko yini ɗaya a kan ranar da aka rubuta a jikin leda. Yana ma iya ragewa ƙwarai, gama in aka huda leda aka haɗa mata mataci da hannu, ba tare da na'urar haɗa tiyo cikin tsabta ba, an buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, kuma ƙa'ida ta ce jinin nan awa 24 kawai ya rage masa. Dubi irin wannan ciniki, jama'a: an sayi mataci da kuɗin waje, an mai da jinin mako biyar ya zama na kwana ɗaya.

A cikin waɗannan kwanaki kuwa abubuwa da yawa suna faruwa waɗanda mataci bai san da su ba. Jajayen ƙwayoyi suna cin sukarin da aka zuba musu, suna fid da tsami. Wani sinadari da ke taimaka musu su saki iskar oksijin ga sassan jiki yakan ƙare cikin kamar mako biyu, sai sun shiga jikin mutum sun kwana ɗaya zuwa uku kafin su maido shi. Sinadarin fotasiyam yana yoyo daga cikinsu zuwa ruwan jini: a jikin mai lafiya ma'auninsa wajen 4 ne, amma a ledar da ta cika kwana 35 yakan haura 25, abin da babba zai iya ɗauka amma ya zama haɗari ga zuciyar jariri in aka ɗura masa da yawa da sauri. Ƙwayoyin kansu suna rasa laushinsu suna fid da ƙaya. Hukumomin da suka fi kowa tsanani ma abin da suke nema shi ne kashi 75 cikin 100 na ƙwayoyin su kasance suna yawo a jiki awa 24 bayan ƙari. Watau an riga an sallama cewa ɗaya cikin huɗu na iya salwanta. Waɗanda suka fashe tun a leda kuma kada su kai kashi 0.8 cikin 100 a Turai, ko kashi 1 a Amurka.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa nake yi tsohon jini guba ne. An gwada, kuma a nan Afirka aka gwada. A 2015 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a asibitin Mulago na Kampala, a kan yara 290 masu matsanancin ƙarancin jini. An ba rabinsu jajayen ƙwayoyin da ba su wuce kwana 10 ba, sauran kuma aka ba su na kwana 25 zuwa 35, duka tatattu tun kafin ajiya. Ba a ga bambanci ba wajen farfaɗowarsu. Masu yayin mataci sukan ɗaga wannan su ce ka gani! Na gani. Amma jinin nan ya yi kwanakinsa ne a ƙarƙashin kulawar masu bincike, cikin sanyin da bai yanke ba. Duk waɗannan lambobi da na jero, da kwana 35, da kashi 75, da kashi 0.8, an ɗora su ne a kan tubali guda: jinin ya zauna tsakanin digiri 2 da 6, dare da rana, ba fashi. In ana ɗauke da shi a hanya kada ya wuce digiri 10. In ya fita daga firiji a gama ƙara shi cikin awa 4. Ledar da ta ɗumama da rana ta sake sanyi da dare, sau uku sau huɗu saboda an ɗauke wuta kuma ba mai a janareta, ba ta cikin wannan lissafi ko da an tace ta sau goma. Haka ma ledar da aka cusa a firijin gida, irin na ajiye lemo, ta jingina da bangon ƙanƙara, ƙwayoyinta sun daskare sun fashe. A Kilifi ta ƙasar Kenya an binciki ledoji 434 na jinin da aka tanadar wa yara, aka buga a 2009 cewa kashi 8.8 cikin 100 suna ɗauke da bakteriya. Wannan ba cutar fararen ƙwayoyi ba ce. Cutar tsabtar hannu ce, da wanke fata, da sanyi. Wanda ya bar wannan ya tsaya a kan mataci, ya bar jaki yana dukan taiki.

Sa'an nan ba a cika gaya mana abin da mataci yake ci ba. Na farko, yana shan jini. Ƙa'idar Amurka ta yarda a yi asarar har kashi 15 cikin 100 na jajayen ƙwayoyi a wajen tacewa. Ƙasar da mutum 31 cikin 1,000 suke ba da jini, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wa ƙasashe masu arziki, tana iya kau da kai. Ƙasashen da abin ke tsakanin 5 da 7 fa? Na biyu, kuma wannan ya fi girma, mataci irin na yau da kullum ba ya rarrabe fararen ƙwayoyi da 'yan ƙananan ƙwayoyin nan masu tsai da zubar jini, duka yake kamawa. A ƙasar da ake rarraba jini kashi-kashi, ana da ledar waɗannan ƙwayoyi dabam, ba wata asara. Amma inda jini sukutum ake ƙarawa, kamar yadda ake yi a asibitoci da yawa na ƙasashenmu, ka tace shi ka cire masa ɗaya daga cikin abubuwan da mai zubar da jini ta fi bukata. Wace ce kuwa mai zubar da jinin? Uwa ce a gadon haihuwa. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2020 ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu a sanadin ciki da haihuwa a duniya duka a Nijeriya suke, zubar jini kuwa yana sahun gaba a cikin abubuwan da ke kashe su. Ga sinadaran daskarar da jini na cikin ruwansa, musamman na takwas, suna raguwa sosai tun a kwanakin farko na ajiya. In aka haɗa wannan da kwashe ƙwayoyin tsai da jini, abin da ya saura yana cika jijiya amma ba ya toshe ɓaraka.

Abin dariya a nan shi ne su Turawan da suka yi watsi da jini sukutum shekaru da dama, yanzu sun dawo gare shi don masu munanan raunuka. Sojojin Amurka sun yi amfani da shi a Iraƙi da Afganistan, asibitocin Fitsbag suka fara a 2014, jiragen ɗaukar marasa lafiya na Bagen a Norwe suka bi a 2015. Da suka ga mataci na cinye musu ƙwayoyin tsai da jini, sai suka koma ga wani na musamman wanda ke barin yawancinsu su wuce, irin Imuflex na kamfanin Terumo. Ko shi ma gwaje-gwaje sun nuna ƙwayoyin sukan fito da ɗan rauni. Saboda haka in wani ya ce maka a tace jini, tambaye shi da wane mataci, kuma don wane mara lafiya. In ya yi shiru, talla yake yi.

Na bar babbar magana a ƙarshe, domin ita ce ta fi shafarmu, ita ce kuma littattafan da aka rubuta don wasu mutane suke ratsawa a layi biyu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ce kimanin kashi 24 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna ɗauke da rabin gadon sikila, watau masu AS, kuma ana haihuwar yara wajen 150,000 da cutar kanta kowace shekara. Mai AS lafiyarsa ƙalau, yana kuma iya ba da jini. Amma jininsa ba ya shiri da mataci. Da ya shiga leda ya gamu da tsamin maganin hana daskarewa da ƙarancin iskar oksijin, sai himogulobin ɗin S ya fara sandarewa, ƙwayoyin su yi tauri, su toshe ramukan mataci. Binciken da aka yi a Amurka a farkon shekarun 2000 ya nuna kusan rabin irin waɗannan ledoji suna maƙalewa, a cikin waɗanda suka wuce kuma akwai waɗanda suke fitowa da fararen ƙwayoyi fiye da ƙa'ida, alhali an riga an manna musu takardar cewa tatattu ne. A ƙasar da masu AS ƙalilan ne, wannan ɗan ciwon kai ne na ma'aikacin ɗakin gwaji. A nan kuwa, yi lissafi da kanka: in ɗaya cikin huɗu na masu bayarwa AS ne, kuma rabin ledojinsu suka toshe, leda ɗaya cikin kowace takwas ke nan ta shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Wa zai je ya gaya wa mijin da ke tsaye a baranda tun asuba cewa jinin ƙanensa ya tsaya a tiyo? An gano cewa ƙara wa ledar iskar oksijin kafin tacewa yana sauƙaƙa abin, amma wannan wani aiki ne kuma da wani kuɗi.

Sauran abubuwan da mataci ba ya yi sai in ratsa su da sauri. Ba ya kama ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, domin ita a cikin jajayen ƙwayoyi take zaune. A asibitin Komfo Anokye na Kumasi wata hanya dabam aka gwada, ta haske da sinadarin bitamin, aka buga a 2016 cewa ta rage ɗaukar zazzaɓin ta hanyar ƙarin jini daga kashi 22 zuwa kashi 4. Ba ya maye gurbin gwajin ƙanjamau da ciwon hanta. Ba ya kuma isa kariya daga wata muguwar cuta da takan faru jefi-jefi in jinin ɗan'uwa na jini aka ƙara wa mutum, inda fararen ƙwayoyin mai bayarwa suke far wa jikin mai karɓa. Maganin wannan shi ne gasa ledar da haske na musamman. Mu kuwa da jinin dangi muka fi dogara.

To, akwai kuma wani ɓangare da za su ji daɗin duk abin da na faɗa, su ce ai dama mataci almubazzaranci ne na Turawa, talaka ba ya bukata. Su ma ban bar su ba. Yaron da ke da sikila, wanda aka ƙara wa jini sau goma kafin ya gama firamare, kuma za a ci gaba da ƙara masa, shi ne ainihin wanda aka ƙera mataci dominsa. Haka bakwaini, haka mai sankarar jini, haka mai ciwon ƙoda da ke sa ran dashe, haka duk wanda ya taɓa yin makyarkyata sau biyu a ƙarƙashin leda. Hana waɗannan tataccen jini da sunan tsimi zalunci ne, kuma tsimin ƙarya ne, gama ledar da aka cire a rabi saboda zazzaɓi ta tafi a banza. Sai dai shi mai sikila ba mataci kaɗai yake bukata ba: yana bukatar jinin mai AA, wanda kuma aka daidaita masa har a ƙananan rukunonin jini irin su C da E da Kell, ba a tsaya a A da B da O kawai ba.

Abin da nake nema daga Hukumar Kula da Jini ta Ƙasa, wadda dokar 2021 ta kafa, da kuma kowane asibitin koyarwa, bai fi ƙarfinsu ba. A san AA da AS na kowane mai bayarwa tun kafin a soka masa allura. A ware ledojin AA masu mataci a jikinsu tun daga masana'anta, a tace su cikin kwana biyu, a ajiye su don waɗanda na lissafa. Jinin masu AS da sauran a bar shi sukutum don ɗakin haihuwa da haɗarin mota. Duk ledar da aka ce tatacciya ce a rubuta a jikinta ranar ɗiba da awar tacewa. A riƙa zaɓen leda ɗaya cikin 100 ana ƙirga abin da ya saura a cikinta, da na'urar da ta dace, domin injin ƙirga jini na kullum ba ya ganin ƙwayoyi in sun yi ƙaranci haka. Ku kuma 'yan'uwana, in an sake kafa rumfar karɓar jini a harabar jami'a, ku miƙa hannu ku bayar, amma kafin ku tashi ku nemi a nuna muku takardar da ake rubuta sanyin firijin a kanta, ta watan jiya, ku duba layin ƙarfe uku na dare.